Maya Yoshida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwar Ƙwallon Tsohon Kyaftin Ɗin Japan

Masu bibiyar gasar Firimiya ta Ingila sun san sunan Maya Yoshida tun zamansa a Southampton, wasu kuma sai a gasar cin kofin duniya ta 2022 suka lura da shi, lokacin da ya jagoranci Japan ta doke Jamus da Sifaniya. An tattara tambayoyin da aka fi yi game da shi a nan, tun daga asalinsa har zuwa gurbin da ya bari a ƙwallon ƙafar ƙasarsa.

Wane ne Maya Yoshida, kuma a wane gurbi yake wasa?

Maya Yoshida ɗan ƙwallon ƙafa ne ɗan ƙasar Japan, wanda aka haifa a birnin Nagasaki ranar 24 ga Agusta, 1988. Mai tsaron baya ne na tsakiya, tsawonsa mita 1.89, kuma da ƙafar dama ya fi wasa. Ya yi wa kulob shida wasa a ƙasashe shida: Nagoya Grampus a Japan, VVV-Venlo a Holan, Southampton a Ingila, Sampdoria a Italiya, Schalke 04 a Jamus, da LA Galaxy a Amurka. Zuwa ƙarshen gasar cin kofin duniya ta 2022 ya buga wa babbar tawagar Japan wasa 126, ya ci ƙwallo 12, kuma lamba 22 ce aka san shi da ita a rigar ƙasarsa.

Sunan Maya ya kan rikita mutane, domin ko a Japan mata aka fi sa wa shi. Yoshida ne sunan iyali, kuma a tsarin Japanawa shi ake fara ambata, shi ya sa a wasu rubuce-rubuce za a ga Yoshida Maya.

Yaya aka yi ɗan Nagasaki ya tashi a ƙungiyar Nagoya?

Nagasaki tana tsibirin Kyushu ne a can kudu maso yammacin Japan, Nagoya kuwa tana tsakiyar babban tsibirin Honshu, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Yana ɗan shekara 12 ya ci gwajin shiga sashen yara na Nagoya Grampus, ya bar garinsu ya koma can da zama da karatu. Grampus tana cikin ƙungiyoyin da suka buɗe gasar ƙwararru ta J.League a 1993, kamfanin Toyota ne ke bayanta, kuma ita ce Arsène Wenger ya horar kafin ya koma Arsenal a 1996.

A sashen matasa ɗan wasan tsakiya ne mai taimaka wa baya. Bayan an ɗauke shi babbar ƙungiya a 2007 ne aka mayar da shi tsakiyar baya, sannan ya samu gindin zama a 2008 a ƙarƙashin koci Dragan Stojković, shekarar da Nagoya ta ƙare a mataki na uku. Wannan tushe na tsakiyar fili shi ne dalilin da ya sa yake da natsuwa idan ƙwallo tana ƙafarsa, abin da aka yi ƙarin bayani a kai a amsar da ta shafi ƙarfinsa da rauninsa. Wani abin lura shi ne, da ya tafi Turai a farkon 2010, Nagoya ta ɗauko Marcus Tulio Tanaka daga Urawa Reds, kuma a shekarar ta ci kofin gasar karo na farko a tarihinta, Yoshida ba ya nan.

Me ya kai shi ƙaramin kulob irin VVV-Venlo?

Hanyar tana nan a share kafin ya bi ta. Keisuke Honda ya bar Nagoya zuwa VVV-Venlo a Janairun 2008, ya yi fice, aka sayar da shi ga CSKA Moscow a Janairun 2010, watan da Yoshida ya isa garin. Venlo ƙaramin gari ne a kan iyakar Holan da Jamus, kuma kulob ɗin ya dogara ne da sayen matasa da araha daga wuraren da manyan ƙungiyoyi ba su cika dubawa ba, ya ba su fili, sannan ya sayar da su da riba. A wancan lokaci manyan kulob na Turai suna iya gwada ɗan wasan tsakiya ko na gefe daga Japan, amma da wuya su damƙa tsakiyar bayansu ga ɗan Asiya, saboda haka ƙofa irin ta Venlo ce kaɗai a buɗe.

Farkon zamansa bai yi daɗi ba. Jim kaɗan da isarsa ya samu karaya a ƙafa, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya, kuma bai samu shiga tawagar Japan da ta je gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ba. Da ya warke ya tarar da ƙungiya mai fafutukar kauce wa faɗuwa, wadda a 2011 da 2012 sai da ta bi ta wasannin cike gurbi kafin ta tsira. Mai tsaron baya a irin wannan ƙungiya ba ya samun hutu, ƙwallo tana zuwa masa daga kowace kusurwa minti casa'in, kuma a nan ya koyi jure matsi. A Satumbar 2011 ya ci PSV Eindhoven wata ƙwallo ta sama da baya, wadda har yau ake nunawa idan ana maganarsa.

Da gaske ne ya yi wasa tare da Ahmed Musa?

Gaskiya ne. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo a 2010, bayan ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da ƙwallo 18, ya kuma zauna a can har Janairun 2012. Ke nan kusan kaka ɗaya da rabi suna sanye da riga ɗaya, Musa a gaba, Yoshida a baya. Daga Venlo Musa ya bi sawun Honda zuwa CSKA Moscow, inda suka zama abokan wasa, Yoshida kuma ya nufi Ingila bayan wata bakwai. Duka biyun daga baya sun ɗaura kambun kyaftin na ƙasashensu.

Ta yaya ya koma Southampton?

Gasar Olamfik ta Landan ce ta tallata shi. Kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi Olamfik, shi ne kyaftin ɗin Japan a bazarar 2012, kuma a filayen Birtaniya, a gaban masu farautar 'yan wasa na Ingila, ƙungiyarsa ta yi wasa huɗu a jere ba a ci ta ko ƙwallo ɗaya ba. Southampton ta hau gasar Firimiya a shekarar, tana neman mai tsaron baya, sai ta ɗauke shi a ƙarshen Agusta, lokacin Nigel Adkins yana koci. Wasansa na farko ya zo a Satumba a gidan Arsenal, inda ya shigo daga benci aka lallasa su 6-1.

Me ya sa ya yi shekara bakwai da rabi a Southampton, alhali sau da yawa a benci yake?

Wannan tambaya ita ce ta fi kusa da zuciyar labarinsa. A kakarsa ta farko ya yi wasa sosai, amma daga nan kusan kowace bazara sai kulob ɗin ya kawo wani a gabansa. A 2013 aka sayi Dejan Lovren, ya haɗu da José Fonte. Da Lovren ya tafi Liverpool a 2014 aka karɓi aron Toby Alderweireld. Da Alderweireld ya tafi Tottenham a 2015 aka sayi Virgil van Dijk daga Celtic. Duk waɗannan 'yan wasa ne da manyan ƙungiyoyi suka yi rububinsu daga baya, kuma Van Dijk ya tafi Liverpool a Janairun 2018 a kan fam miliyan 75, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a kan mai tsaron baya zuwa wancan lokaci. Yoshida ya zama na uku, wani lokaci a tura shi gefen dama ko hagu ya toshe gurbi, wani lokaci ya yi makonni bai taka fili ba.

Duk da haka bai nemi tafiya ba, kuma koci bakwai da ya yi aiki a ƙarƙashinsu, daga Adkins zuwa Mauricio Pochettino, Ronald Koeman, Claude Puel, Mauricio Pellegrino, Mark Hughes da Ralph Hasenhüttl, kowannensu ya same shi a shirye ranar da aka buƙace shi. Ranar ta zo a Janairun 2017, lokacin da Fonte ya koma West Ham, Van Dijk kuma ya ji rauni. Yoshida da matashi Jack Stephens ne suka riƙe baya a Anfield, Southampton ta fitar da Liverpool daga kofin EFL, wato kofin League Cup na Ingila, da ci 1-0 gida da waje, sannan su ne suka buga wasan ƙarshe a Wembley, wanda Manchester United ta ci 3-2. A wannan kakar ya zama ɗan Japan na farko da ya buga wasa 100 a gasar Firimiya, kuma kafin ya tafi ya kai 154 a gasar, 194 idan an haɗa da sauran kofuna.

A ganina haƙurin nan shi ne babban abin da ya bambanta shi da 'yan ƙasarsa da dama da suka fi shi baiwa amma suka kasa daɗewa a Ingila. Ya ba harshen Ingilishi muhimmanci tun da wuri, har ya riƙa yin hira da 'yan jarida ba tare da tafinta ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsaron baya na tsakiya, wanda rabin aikinsa magana ce: ya ce wa wannan matso, ya ce wa wancan koma, ya daidaita layi da mai tsaron gida. Zamansa dai ya ƙare da ɗaci, domin yana cikin waɗanda Leicester City ta ci 9-0 a filin St Mary's a Oktoban 2019, kuma bayan wata uku ya bar kulob ɗin.

Wane kofi ya ci a rayuwarsa ta ƙwallo?

Manya biyu ne, kuma shekara kusan 14 ce tsakaninsu. Na farko shi ne kofin nahiyar Asiya na 2011 a Katar, a ƙarƙashin koci Alberto Zaccheroni ɗan Italiya. A wasan farko da Jodan, Japan tana baya da ci 1-0 har lokaci ya cika, sai Yoshida ya farke da ka a mintunan ƙari. A wasan daf da na kusa da ƙarshe da masu masaukin baƙi aka ba shi jan kati, Japan ta ci 3-2 da mutum goma, ya rasa karawa da Koriya ta Kudu, sannan ya dawo a wasan ƙarshe da Ostireliya, wanda Tadanari Lee ya ci musu a ƙarin lokaci. Na biyun shi ne kofin MLS na Amurka a 2024, wanda bayaninsa yake a amsar da ta shafi shekarunsa bayan Ingila.

Sau nawa ya je gasar Olamfik?

Sau uku, abin da ba kasafai ake samu ba a ƙwallon maza, tun da gasar ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, kuma mutum uku kaɗai ake yarda su haura wannan shekaru a kowace tawaga. A Beijin a 2008 yana cikin tawagar yana ɗan shekara 19, Japan ta faɗi duka wasanninta uku, ciki har da wanda Najeriya ta Samson Siasia ta ci ta 2-1 a kan hanyarta ta samun lambar azurfa.

A Landan a 2012 da Tokiyo a 2021 ya je ne cikin manyan nan uku, kuma shi ne kyaftin a duka biyun. A 2012 Japan ta doke Sifaniya 1-0 a Glasgow, ta doke Maroko, ta yi canjaras da Honduras, ta ci Masar 3-0 a Old Trafford inda Yoshida ya ci ƙwallo ta biyu, sannan Meziko ta tsayar da ita, Koriya ta Kudu kuma ta ƙwace lambar tagulla da ci 2-0. A gida a 2021, Sifaniya ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallon Marco Asensio a ƙarin lokaci, Meziko ta ci su 3-1 a wasan neman na uku. Sau biyu ke nan ya ƙare a mataki na huɗu, bai samu lamba ko ɗaya ba.

Me ya faru tsakanin Japan da ƙasashen Afirka a gasar cin kofin duniya da ya buga?

Ya buga gasar sau uku, 2014 da 2018 da 2022, kuma a biyu na farko Japan ta haɗu da ƙasar Afirka ta Yamma. A Brazil a 2014 Honda ya fara cin Kwaddebuwa, amma bayan shigowar Didier Drogba, Wilfried Bony da Gervinho suka ci ƙwallo biyu da ka cikin minti biyu, aka tashi 2-1. Japan ta fita a zagayen farko bayan canjaras da Girka da shan kashi 4-1 a hannun Kolombiya.

Ta 2018 a Rasha ce 'yan Afirka ba su manta ba. Japan da Senegal sun tashi 2-2, inda Sadio Mané, wanda suka yi shekara biyu tare da Yoshida a Southampton, ya ci ƙwallon farko. Bayan wasannin rukuni ƙasashen biyu suka yi kunnen doki a maki da yawan ƙwallaye da komai, sai aka koma ƙirgen katin gargaɗi: Japan tana da huɗu, Senegal shida. Japan ta wuce, bayan ta ɓata mintuna goma na ƙarshe a wasanta da Folan tana zagaya ƙwallo a baya duk da ana cin ta 1-0, 'yan kallo suna ta ihu. Fitar Senegal ta sa babu ƙasar Afirka ko ɗaya a zagaye na biyu, karo na farko tun 1982. A zagayen na gaba Japan ta ci Beljiyam biyu, sai Beljiyam ta farke, Nacer Chadli ya ci ta uku a minti na ƙarshe daga wani hari da ya taso bayan bugun kusurwar Japan, lokacin da masu tsaron bayanta, har da Yoshida, suka hau gaba.

Yaushe ya zama kyaftin, kuma yaya gasar 2022 ta kasance?

Makoto Hasebe ya yi ritaya daga tawagar ƙasa bayan gasar Rasha, sai sabon koci Hajime Moriyasu ya ba Yoshida kambun a 2018. A Katar a 2022 aka saka Japan rukuni ɗaya da Jamus da Sifaniya, tsofaffin zakarun duniya biyu, kuma a duka wasannin an fara cin ta kafin ta juya sakamakon zuwa 2-1. A wasan Jamus Moriyasu ya sauya tsari a hutun rabin lokaci, ya sa Takehiro Tomiyasu, masu tsaron baya na tsakiya suka zama uku, Yoshida yana tsakaninsu yana ba da umarni. Japan ta ƙare a saman rukuni, Jamus ta koma gida.

A zagaye na biyu suka tashi 1-1 da Kuroshiya, aka je bugun fenariti, mai tsaron gida Dominik Livaković ya tare na Takumi Minamino da Kaoru Mitoma da na Yoshida kansa. Karo na huɗu ke nan Japan ta tsaya a wannan mataki, bayan 2002 da 2010 da 2018.

Mene ne ƙarfinsa, kuma me ake sukarsa a kai?

Ƙarfinsa yana cikin karanta wasa, da cin ƙwallon sama, da iya fara hari daga baya da doguwar ƙwallo ko gajera. Ƙwallo 12 a tawagar ƙasa ba kaɗan ba ne ga mai tsaron baya, kuma galibinsu daga bugun kusurwa ko bugun tazara suka zo.

Rauninsa kuwa shi ne rashin gudu idan aka bar fili a bayansa, da kuma kuskuren da kan faɗo masa a babbar rana. A wasan ƙarshe na kofin Asiya na 2019 a Abu Dhabi, a gabansa Almoez Ali ya juya ya ci ƙwallon farko, kuma a hannunsa ƙwallo ta taɓa alƙali ya duba na'urar VAR ya ba Katar fenaritin da ya rufe wasan 3-1. A 2022, ƙwallon da bai share da kyau ba ce ta kai ga cin da Kosta Rika ta yi wa Japan 1-0. Masu sukarsa suna da hujja a waɗannan wurare, sai dai a tuna cewa mutumin da ya yi sama da shekara goma a tsakiyar bayan ƙasarsa dole jerin kurakuransa su fi na wanda ya yi biyu tsawo, kuma koci bayan koci sun ci gaba da zaɓensa.

Ina ya je bayan Ingila?

A ranar ƙarshe ta kasuwar Janairun 2020 ya tafi aro Sampdoria ta birnin Genoa, wurin Claudio Ranieri, makonni kaɗan kafin annobar korona ta tsayar da gasar Italiya. Daga baya ya sa hannu a kwantiragi na dindindin, ƙungiyar ta ƙare ta tara a kakar 2020-21, ya zauna har 2022. Daga nan ya yi kaka ɗaya a Schalke 04, wadda ta faɗi daga Bundesliga a 2023.

A Agustan 2023 ya koma LA Galaxy yana daf da cika shekara 35, lokacin da mutane da yawa suka ɗauka ya je ajiye takalmi ne. Koci Greg Vanney ya ba shi kambun kyaftin, kuma ranar 7 ga Disamba, 2024, ya ɗaga kofin MLS bayan Galaxy ta doke New York Red Bulls 2-1, kofi na shida a tarihin kulob ɗin. Joseph Paintsil ɗan Ghana ne ya ci ƙwallon farko a wannan wasa.

Wane tasiri ya yi ga masu tsaron bayan Japan da suka biyo bayansa?

Kafin shi, manyan masu tsaron tsakiya na Japan irin su Yuji Nakazawa da Tulio, waɗanda suka riƙe baya a gasar 2010, a gasar gida suka yi fice. Masu tsaron gefe sun riga sun samu karɓuwa, ga Atsuto Uchida a Schalke tun 2010, ga Yuto Nagatomo a Inter Milan tun 2011, amma tsakiya ana ganin tana buƙatar jiki da murya da ake zaton ɗan Japan ba shi da su. Wasa 154 a gasar Firimiya sun rage wannan zato. Bayansa Tomiyasu ya bi ta Sint-Truiden da Bologna ya isa Arsenal a 2021, Ko Itakura ya yi Groningen da Schalke da Borussia Mönchengladbach, Hiroki Ito ya bar Stuttgart zuwa Bayern Munich a 2024. Ba za a ce shi kaɗai ya jawo hakan ba, domin horar da yara a J.League ta inganta sosai a waɗannan shekaru, amma duba tafiyar Tomiyasu da Itakura za a ga sun fara ne daga ƙaramin kulob a Beljiyam ko Holan, irin matakin da aka bayyana a amsar da ta shafi Venlo.

Wa ya gaje shi a matsayin kyaftin, kuma wane aiki yake yi a wajen fili?

Bayan gasar 2022 Moriyasu ya fara gina tawaga da matasa, kuma a Yunin 2023 ya ba Wataru Endo kambun kyaftin, watanni biyu kafin Endo ya koma Liverpool. A yawan wasannin da aka buga wa Japan, Yasuhito Endo mai wasa 152 da Nagatomo ne kaɗai suke gaban Yoshida. A wajen fili kuma, a 2022 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Japan, wadda ke wakiltar 'yan wasa a tattaunawa da hukumar J.League kan albashi da sharuɗɗan kwantiragi, ya kuma riƙe muƙamin yana ci gaba da wasa a ƙasashen waje.